Dokar Daji Da Aikin En'e

A zamanin da, in damina ta ɗauke, ciyawa ta bushe ƙayau, sai mafarauta su cinna wa daji wuta domin zomo da gafiya. Ita kuwa wuta ba ta san iyaka ba, takan cinye 'yan itatuwa tun ba su kai gwiwa ba.

A 1916, zamanin Gwamna Lugga, aka kafa dokar daji, amma mutane da yawa suka ɗauke ta dabarar ƙwace ƙasa. Dokar 1937 ta ƙarfafa hannun En'e wajen keɓe gandun daji nata, kuɗin saran itace yana shiga baitulmali. Talaka kuma ba a hana shi tsintar ɗorawa da kaɗanya ba.

Babban aikin malaman daji shi ne rigan mafarauta. Da kaka sai su tara mutanen dagatai, a share hanya kewaye da gandu, sa'an nan a sa wuta tun ciyawa na da sauran danshi. Wutar takan lashe ciyawa a hankali, ta bar maɗaci da kirya tsaye. In bazara ta zo, gobara ba ta samun abin ci.