Tarihin da ke kwance a ƙasan Tafkin Nokoué

Jama'a, duk wanda ya taso daga Zongo ya nufi kasuwar Dantokpa ya san ruwan nan da ke bi ta ƙarƙashin gada. To, haƙa shi aka yi. Turawan Faransa ne suka tsaga hanyar a 1885, don ambaliyar Tafkin Nokoué ta samu mafita zuwa teku. Ambaliya ta fita, ruwan gishiri kuma ya samu ƙofar shiga.

Bayan an gama tashar jiragen ruwa a 1965, rairayi ya daina toshe bakin hanyar kamar da, gishiri ya ƙaru. Tsutsar teku mai cin itace ta shigo, ta riƙa cinye akaja, wato rassan da masunta ke kafawa cikin taɓo don kifi ya taru.

Duk wannan yana barin alama a ƙasa. Kowace damina kogin Ouémé da na Sô suna kawo laka daga arewa, ta kwanta bisa ruɓaɓɓun rassa. Masu bincike kan ɗebo lakar, su tace, su ƙirga kawa, katantanwa da tsutsotsi. In waɗannan suka ragu, abincin kifi da kaguwa ya ragu ke nan.

Yau kuma ga sharar kasuwa, ga fetur ɗin kpayo da ke tsiyaya daga jarkoki a kwale-kwale. 'Yan uwa fatake da makiyaya, abin da ya zuba a ruwa yana nan kwance a ƙasa, kifin da muke saye a Dantokpa kuma can yake kiwo.