Ciwon zuciya da na ƙoda: Abin da ke tsawaita rai

Mai ciwon zuciya da ƙodarsa ta raunana ya fi shiga haɗarin mutuwa da wuri, kuma galibi zuciyar ce ke zama ajalinsa tun kafin ƙodar ta daina aiki gaba ɗaya.

Likitoci na cewa ciwon ƙoda ya zauna ne idan ma'aunin tace jini ya yi ƙasa da 60, ko furotin na fita a fitsari, har sama da watanni uku.

Alaƙar gaɓoɓin biyu

Idan ƙoda ta gaza fitar da gishiri da ruwa, sai jini ya hau, zuciya ta wahala. Idan kuma zuciya ta raunana, jinin da ke isa ƙoda sai ya ragu.

Illar gishiri ba baƙuwa ba ce a Zariya. A shekarun 1970, binciken likitoci Davidson da Parry a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kunun kanwa da wankan jego.

A 2004 kuma, wani bincike a Amurka kan mutane sama da miliyan ɗaya ya gano cewa waɗanda ma'auninsu ya gaza 15 na fuskantar haɗarin mutuwa kusan ninki shida na waɗanda nasu ya kai 60.

Matakan kariya

Ciwon ƙoda kan daɗe bai nuna alama ba. Don haka ake shawartar mai ciwon zuciya, hawan jini ko ciwon suga a Samaru da Sabon Gari ya riƙa yin gwajin jini da na fitsari aƙalla sau ɗaya a shekara, a asibitin koyarwa na Shika ko wani asibiti mafi kusa.

Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, da ake saye a kemis ba da takardar likita ba, na iya ƙara lalata ƙoda. Haka ma maganin gargajiyar da ba a san abin da ya ƙunsa ba.

Wani gwaji na 2020 ya nuna maganin dapagliflozin ya rage mace-macen masu ciwon ƙoda da kusan kashi 31 cikin ɗari, amma likita ne zai tantance wanda ya dace ya sha shi.