Taki da Ruwan Sha a Ƙasar Hausa: Waiwaye Kan Aikin Michael Mortimore

Manufar wannan maƙala ita ce duba matsayin taki a tarihin binciken noma a ƙasar Hausa, ta hanyar bin sawun wani masani ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya zo Zariya a 1962 ya koyar da labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello, sa'an nan ya koma Jami'ar Bayero ta Kano a 1979, inda ya zauna har 1986.

Kafin zuwansa, masanan Samaru sun riga sun buɗe filin gwaji tun 1950, suna gwada kashin shanu da takin zamani. Shi kuwa Mortimore sai ya bar filin gwaji ya bi manoma. A littafin da suka fitar da J. Wilson a 1965 kan karkarar Kano, an ga yadda jakuna ke shiga birni da itace, su fito da mangaloli cike da toka da shara da kashin awaki. Da wannan ne manomi ke noma gona guda kowace shekara ba tare da ya bar ta ta huta ba, duk da yawan jama'a. Wato abin da bature ya ɗauka ƙazanta ce, a wurin Bakano dukiya ce da ake saye.

Amma a ganina akwai gefen da binciken wancan zamani bai ba shi haƙƙinsa ba, shi ne ruwa. Takin da aka kwashe aka kai gona abinci ne ga ƙasa. Wanda aka bari ya taru a bakin rijiya ko a kara kuwa, da saukar damina yakan tsiyaya cikin ƙasa da ƙwayoyin cuta da sinadarin naitiret, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 50 a kowace lita, saboda illarsa ga jinin jarirai.

A nan ne Illela ta shigo. Kasuwar dabbobinta na karɓar garkuna daga Ƙonni da sauran sassan Nijar, a ƙasa mai rairayi wadda ruwa ke ratsawa da sauri. Tambayar da Mortimore ya yi a Kano ita ce ina takin ke zuwa. A ƙauyukan iyaka irin su Lafani, dole mai bincike ya auna har da tazarar da ke tsakanin turke da rijiya.