Lamunin Bakanike a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Daga cikin rigingimun da ake kai wa gaban dattawa a kudancin ƙasar Katsina, tun daga Funtuwa da Bakori har zuwa Malumfashi da Ƙafur, akwai wata wadda kakanninmu ba su san ta ba, amma yau da wuya kaka ta wuce ba a ji irinta ba, watau rigimar mai mota da bakanike bayan an sauke tsohon injin akori-kura an ɗora wani. Mutum ya sayar da masararsa, watakila har da bijimin huɗarsa, ya tara kuɗi aka sauya injin, sa'an nan tun bai gama murna ba motar ta tsaya a hanyar Dandume da kaya a bayanta, tana tururi. Mas'alar da ke tashi daga nan, watau wanda ya wajaba ya ɗauki asara, ba a fahimtarta sosai sai an san yadda wannan sana'a ta shigo ƙasar, da yadda ta sauya hannu har ta kai ga halin da take ciki.

Auduga ce ta jawo injuna zuwa wannan yanki. Turawa, da suka ga ƙasar ta karɓi auduga, sai kamfaninsu na BCGA ya kafa injin gurza a Funtuwa da Malumfashi, aka buɗe gonar iri a Daudawa, hanyar jirgin ƙasa kuma wadda ta taso daga Zariya ta ratsa Funtuwa da Gusau har ta isa Ƙauran Namoda a 1929. A wancan zamani jaki ne ke kai kaya daga ƙauye zuwa fulotin awo, kuma ma'abucin ƙarfe a wurin manomi shi ne maƙeri, wanda ya gaji maƙera daga ubansa, yake zaune a unguwar da kowa ya sani, ƙarƙashin Sarkin Maƙera wanda ke iya tsawata masa. Idan garma ta karye a kunyar farko, ba a bukatar dogon bincike, domin aibin yana fili, wanda ya ƙera ta kuwa gobe ma za a haɗu da shi a masallaci.

Da manyan motoci suka yawaita, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka sami wata sabuwar sana'a wadda ba ta da gado, ba ta kuma da sarki. Galibin kanikawan farko baƙi ne daga kudu, waɗanda suka biyo hanyar jirgi da kamfanonin ciniki, 'ya'yan Hausawa kuwa suka fara da yaron mota da miƙa sifana. Rikicin 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya har zuwa 1970 sun sa da yawa daga cikin waɗannan baƙi sun koma gida, ala tilas yaran da suka rene suka zama iyayen gida, suka kuma buɗe wa 'yan'uwansu ƙofa. Tun daga nan tsarin koyon sana'ar bai canja ba: uba ya kawo ɗansa ya damƙa wa maigidan gareji amana, yaro ya yi shekaru yana wankin noti da fetur kafin a yarda ya taɓa cikin inji, ranar da aka yaye shi kuwa a yi addu'a, a raba goro.

Shekarar 1975 ita ce ta sauya al'amura gaba ɗaya, gama a cikinta abubuwa biyu suka haɗu. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, shirin raya aikin gona na Funtuwa kuma, wanda Bankin Duniya ya tallafa, ya kankama a gundumomin Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari, ya kawo takin zamani da ingantaccen irin masara, ya kuma yanka hanyoyin karkara zuwa ƙauyukan da mota ba ta taɓa shiga ba. Masara, wadda a da ake shukawa a bayan gida domin gashi, ta zama hajar kasuwa wadda ake aunawa da ɗaruruwan buhuna, kuma abin da zai iya shiga gona ya kwaso ta, ya fito da tumatirin Danja da raken fadama, shi ne akori-kura ƙirar 404, daga baya 504.

Abin lura a wannan zamani shi ne ba a cika sauya inji ba, gyara shi ake yi. Idan ya gaji, bakanike ya sauke shi ya wargaza a kan buhu, ya aika da karanshaf Zariya ko Kaduna a goge, ya sa sabon ringi da metal da gasket, waɗanda ake samu na ainihi a kanti da farashin da manomi ke iya biya. Saboda haka duk abin da ke cikin injin ya bi ta hannunsa, ya gan shi da idonsa, idan kuwa aikin ya ɓaci ba shi da wanda zai nuna wa yatsa. Na ɗauka wannan ne asalin kwarjinin tsofaffin kanikawan da har yau ake ambatonsu da alheri a tashoshi, ba don mutanen da sun fi na yanzu tsoron Allah kurum ba, sai don alhakin aikin yana wuyan mutum ɗaya.

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, a mulkin Janar Babangida, ya karya darajar naira, sabuwar mota da sababbin kayan gyara suka fi ƙarfin talaka, kasuwa kuma ta cika da jabu. Sai aka juya ga tsofaffin motoci da injunan da Turai ta gama da su, waɗanda ake lodi a tashoshin ruwa irin na Beljiyam, su sauka Kwatano ko Ikko, su bi ta kasuwar Ladipo, su iso Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Lissafi ya nuna wa kowa cewa ɗora injin Beljiyam sukutum ya fi sauƙi bisa ga buɗe tsoho a cika shi da kayan da ba a amince da su ba. To amma da wannan sauyi alhaki ya rabu uku: ga dillalin da ya sayar da inji a rufe, ga bakaniken da ya ɗora shi ba tare da ya ga cikinsa ba, ga kuma mai mota da direbansa waɗanda suka yi aiki da shi bayan an fita gareji.

Ranar sauyin inji, za ka tarar an kafa ƙarafa uku a gindin dalbejiya, an rataya sarƙa, yara suna ja, maigida yana ƙarƙashin mota kwance a kan kwali yana daidaita bakin inji da giyabos. A nan ne ake yin sakacin da ba ya bayyana sai bayan kwanaki. Injin da ya yi watanni a kwantena da rumfar kasuwa, robobinsa sun bushe, yana bukatar a sauya su, a duba famfon ruwa da bel tun yana ƙasa, amma mai gaggawa sai ya ɗora shi yadda ya zo. Idan mazaunin bai yi daidai ba, a kira mai walda ya ɗosa, injin ya zauna a karkace yana cin kulochi. A ɗaure noti da ƙiyasin hannu, wani ya matsu har ya tsinke, wani ya saura sako-sako. Mafi muni duka, kuma mafi yawan aukuwa, shi ne a bar abin da ya kashe injin farko yana nan daram, watau lagireton da laka da tsatsa suka toshe, a haɗa shi da sabon inji. Ranar da aka yi lodi aka hau tudu da tsakar rana, ruwa ya tafasa, gasket ya ƙone, direba ya zaro sandar awon baƙin mai ya ga ya koma kalar kunun gyaɗa.

Daga nan sai magana ta tashi. Mai mota ya ce, "Malam, lafiya lau na kawo maka inji, a gabanka aka tayar da shi a Kano." Bakanike ya ce, "Alhaji, ni ɗorawa na yi, ban shiga cikinsa ba, can ya zo da ciwonsa." A buga wa dillali waya, shi kuma ya ce kwanakin gwajin da ya bayar sun wuce, in ma ba su wuce ba, fentin da ya shafa a kan notuna an taɓa shi, don haka ya fita daga zancen. Kowannensu yana da ɗan abin kamawa, hujjar kuwa tana cikin ƙarfen da babu wanda ya buɗe a gaban shaidu.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda mutanenmu ke ɗaukar wannan mas'ala a kan sabuwa ce fil, alhali littattafan da ake karantawa a zaurukan garuruwan nan sun daɗe da warware asalinta. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a ƙarshen ƙarni na 10, da Mukhtasar na Shaihu Khalil, da Tuhfa wadda alƙalanmu suka dogara da ita, mai sana'ar da ya kafa kansa domin yi wa jama'a aiki, kamar maɗinki da marini da maƙeri, yana lamunin kayan da aka damƙa masa ya kaɗaita da su, ko da lada ya yi aikin ko ba lada, sai fa idan shaida ta tabbata cewa sun salwanta ba da sakacinsa ba. Wannan hukunci ya saɓa wa ƙa'idar amana ta yau da kullum, inda ake gaskata wanda aka bai wa ajiya, kuma malamai sun bayyana dalilinsa da maslahar jama'a: mutane ba su da makawa sai sun kai kayansu wurin masu sana'a, ba sa nan lokacin da ake aikin, ba su kuma san sirrinsa ba, da za a gaskata mai sana'a da bakinsa kawai, da dukiyar mutane ta zama ganima. Babu wanda wannan siffa ta fi dacewa da shi a zamaninmu irin bakanike.

Amma fiƙihun da ya ɗora masa lamuni bai zalunce shi ba, domin ya raba babin ijara da babin ciniki. Aibin da ya tsufa a cikin haja kafin a saye ta, wanda mai saye bai gani ba, wannan tsakanin mai saye ne da mai sayarwa, kuma yana ba da damar mayar da kaya ko karɓar ragi, balle idan an ɓoye shi da gangan, wanda shi ne algus. Ɓarnar da ta fito daga hannun ma'aikaci kuwa tasa ce. Wanda zai rarrabe tsakanin biyun ba alƙali ba ne da kansa, masana sana'ar ne waɗanda yake kira su duba su ba da shaida. A ganina ke nan, idan mai mota ne ya je Kano ya zaɓo injinsa, ba daidai ba ne a ɗora wa bakanike tsagar da ke cikin tof silinda tun daga Turai, amma lagireton da bai wanke ba, da notin da bai ɗaure ba, ba shi da mafaka a kansu. Idan kuwa shi ya karɓi kuɗi dunƙule ya ce a bar masa komai, ya sayo ya ɗora, to ya haɗa rigar dillali da ta ma'aikaci, duk inda aibin ya fito gabansa za a komo.

Wajibi ne kuma a faɗi gaskiya game da masu motoci, gama da yawansu suna da hannu a cikin musibarsu. Mutum zai kashe maƙudan kuɗi a kan inji, amma idan aka ce ya ƙara kaɗan a sauya lagireto da tiyo sai ya ce a lallaɓa, ya kuma matse ladan aiki har maigida ya bar wa yara. Motar da aka ƙera don ɗaukar kimanin tan ɗaya, a jibga mata ninkin haka na buhuna tun a sawun farko, direba kuma ya ga allurar zafi ta hau ya ƙi tsayawa don kada kasuwa ta watse. Dattawan gareji sun san wannan, shi ya sa tambayarsu ta farko ita ce buhu nawa aka ɗora, da kuma tafiyar da aka yi bayan ruwa ya tafasa.

Galibin irin waɗannan shari'u ba sa isa kotu, ko da yake ƙofar alƙali a buɗe take, kafin jihar Katsina ta faɗaɗa aiki da Shari'a a 2000 da kuma bayansa. Ana fara kai ƙara wurin shugaban gareji, ko shugabannin ƙungiyar kanikawa ta NATA, waɗanda a haƙiƙa su ne suka gaji kujerar Sarkin Maƙera a wannan fage. Sukan sa a jawo motar, a buɗe injin a gaban ɓangarorin biyu da wasu kanikawa biyu ko uku da ba ruwansu, domin metal da ya narke saboda rashin mai dabam yake da wanda ya cinye don tsufa, kuma idon gwani yana ganewa. Sulhun da aka saba yankewa shi ne bakanike ya sake aikin ba lada, a raba kuɗin kaya gwargwadon laifi, wani lokaci shugabanni su rubuta wa takwarorinsu na kasuwar kayan gyara don a matsa wa dillali. Kuskuren da ke rusa haƙƙin mai mota tun daga tushe shi ne ya fusata ya kai ta wani gareji a buɗe kafin a yi wannan zama, gama da zarar hannu na biyu ya shiga, na farko ya kuɓuta. Masu hankali, waɗanda wuya ta koya musu, suna ƙulla sharaɗi a gaban shaidu tun kafin a taɓa sifana, a rubuta lambar inji da ranar saye, a riƙe wani kaso na lada sai mota ta yi sawu da kaya ta dawo.

Akwai asara guda wadda sulhu ba ya mayarwa, ita ce ta lokaci. Akori-kura tana samun abincin shekararta ne tsakanin girbin masara da ƙarshen tumatirin rani, mako ukun da ta yi a kan duwatsu a gareji cikin watan Nuwamba kuwa ba wanda ke biyan mai ita, ba wanda ke biyan direba da yaron mota, balle manomin da ya zuba ido a bakin gona.

Yanzu kuma sana'ar ta shiga wani mawuyacin hali. Tsofaffin Peugeot suna ƙarewa, Hilux da makamantanta sun maye gurbinsu, injunansu na baya-bayan nan kuwa suna aiki ne da kwamfuta da tarin wayoyi, ta yadda inji zai iya zama lafiyayye, ɗaurin ma ya yi kyau, amma motar ta riƙa shan mai tana fizga saboda kwamfutar da ke cikinta ba ta dace da shi ba. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 naira kuma ta sake faɗuwa, farashin inji ya yi tashin da kuskure ɗaya ke iya raba mutum da motarsa har abada. Dattijon da ke gane ciwon 504 da kunnensa, idan aka kawo masa irin wannan ƙara, sau da yawa sai ya ɗage zaman, a nemo wani saurayi mai na'urar gwaji, daga cikin gari ko daga Zariya ko Kaduna, ya jona ta ya karanta wa dattawa abin da ta nuna, sa'an nan su yanke hukunci.