Amiba Biyu Masu Fuska Ɗaya

A shekarar 1873, wani likita mai suna Fedor Lösch a ƙasar Rasha ya duba bayan gidan wani manomi da atuni ya kwantar. A ƙarƙashin madubin ƙara girma ya ga wata halitta mai ƙwaya ɗaya tal, marar tsayayyar siffa. Takan miƙa wani sashe na jikinta gaba, sai sauran ya kwarara ya bi shi. Amiba ke nan. A 1903 Bajamushe Fritz Schaudinn ya raɗa mata suna Entamoeba histolytica, wato mai narkar da nama, domin tana cin bangon hanji, ta haɗiye jajayen ƙwayoyin jini, wani lokaci ma ta bi jini har hanta ta tara mugunya.

Daga nan abin ya ɗaure wa likitoci kai. Cikin mutum goma da aka ga amibar a cikinsu, kusan tara lafiyarsu ƙalau, ko ciwon ciki ba sa yi. Yaya halitta ɗaya za ta kashe wani, ta zauna lafiya da maƙwabcinsa?

A 1925 Bafaranshe Émile Brumpt ya ce ai ba ɗaya ba ce, biyu ne. Ɗaya mai cuta, ɗaya marar cuta, wadda ya kira Entamoeba dispar. Aka yi watsi da maganarsa. Ni dai ban ga laifin masu musun sosai ba, don hujjar da ido zai gani babu ita: girmansu ɗaya, tafiyarsu ɗaya, ƙwanson da suke fita da shi a bayan gida ma ɗaya, kowanne da cibiya huɗu. Amma abin tausayi ne, mutumin ya rasu a 1951 ba a gaskata shi ba.

Sai a 1978 Peter Sargeaunt da abokan aikinsa a Landan suka bar duban siffa, suka koma gwada sinadaran da amibar ke sarrafa abinci da su. Na jikin marasa lafiya suka fito daban, na masu lafiya daban. Gwajin ƙwayoyin gado ya zo ya tabbatar. A 1993 Louis Diamond da Graham Clark suka raba su gida biyu a rubuce, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta amince a 1997. Shekara 72 bayan maganar Brumpt.

Wannan labari ya shafe mu, domin a yawancin ɗakunan gwajinmu har yau da madubi ake duba bayan gida, shi kuwa madubi bai iya rabe tagwayen nan, sai fa in an kama amibar da jini a cikinta. Don haka, mai karatu, takardar gwaji kaɗai kada ta sa ka sayi Flagyl a kemis ka sha. Kai wa likita ya haɗa ta da alamun da kake ji. In ka ga jini da majina a bayan gida, kada ka kwana. Ruwan sha kuma a tafasa shi, don ƙwanson amiba yana jure ɗan kulorin da ake sa wa ruwa, amma ba ya jure tafasa.