Zuma a Kan Gyambo: Abin da Take Iyawa da Inda Take Tsayawa

A Aboabo da Asawase, kamar sauran unguwannin zangon Kumasi, mutum kan ji ciwo ya je shagon magani ya sayo kafso biyu ko uku, ya ɓalle ɗaya ya barbaɗa garin a kan raunin, ya haɗiye sauran. Wannan ɗabi'a tana cikin abubuwan da ke koya wa ƙwayoyin cuta bijire wa magani. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a 2019 kaɗai irin waɗannan ƙwayoyi sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi ko'ina yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Ghana ta ƙaddamar da shirinta na yaƙi da matsalar a 2018, amma shiri a takarda bai hana ɓalle kafso ba.

Shi ya sa maganar zuma ta cancanci nazari na tsanaki. Mutanen zango sun yarda da ita tun fil azal, ga kuma aya ta 69 a Suratun Nahli da ta ambaci warakar da ke cikinta. Abin tambaya shi ne yadda take aiki. Kusan kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, ruwa bai kai kashi 20 ba, don haka tana tsotse ruwan jikin ƙwayar cuta kamar yadda gishiri ke yi wa nama. Tana da tsami da yawancin ƙwayoyi ba sa jurewa. Ƙudan zuma kuma yana zuba mata wani sinadari wanda, da zarar ta gauraya da damshin miki, sai ya riƙa sakin haidurojin feroksaid kaɗan-kaɗan. Zumar manuka ta ƙasar New Zealand tana da ƙarin wani, metilgilayoksal, da masana a Jamus suka tabbatar a 2008. Maganin asibiti yakan kai hari ta ƙofa ɗaya, ƙwayar ta toshe ƙofar ta tsira. Zuma ta ƙofofi da yawa take shiga lokaci guda, shi ya sa a ɗakin gwaji take kashe har ƙwayar MRSA mai bijire wa magani.

A 1988 wani likitan tiyata a Kalaba, Spencer Efem, ya wallafa sakamakon sa wa majiyyata 59 zuma, akasarinsu masu gyambon da ya ƙi jin maganin asibiti. Mutum 58 sun samu sauƙi sosai. Ɗayan da bai samu ba, daga baya aka gano gyambon Buruli ne da shi.

Wannan mutum ɗaya ya fi sauran muhimmanci ga mazaunin Kumasi, domin yankin Ashanti, inda Kumasi take, gidan Buruli ne. Ƙidayar da aka yi a Ghana a 1999 ta gano masu cutar fiye da 5,000, kuma gundumar Amansie ta Yamma ce kan gaba. Ƙwayar Buruli 'yar'uwar ta tarin fuka ce. Tana zama can ƙarƙashin fata tana fitar da dafin da ke cin nama yana kashe zafi, sai bakin gyambon ya yi kogo ta ciki, mai shi kuma bai jin ciwon da zai kora shi asibiti. Zumar da aka shafa a sama ba ta isa can. Maganinsa rifamfisin da kilaritromaisin ne na mako 8, kuma gwajin da ya tabbatar da haka, wanda aka buga a 2020, Farfesa Richard Phillips na jami'ar KNUST ne ya jagorance shi. Duk watan da aka ɓata ana shafe-shafe, nama ne ke tafiya.

Bitar da ƙungiyar Cochrane ta yi wa gwaje-gwajen zuma 26 a 2015 ta zo da sakamako irin wannan: ƙunar da ba ta yi zurfi ba ta fi saurin warkewa da kwana 4 zuwa 5, amma tsohon gyambon ƙafa na ciwon jijiyoyin jini bai nuna wani bambanci ba. Shan zuma kuwa ba ya kashe ƙwayar da ta shiga jini. Kuma likitoci sun hana a ba jaririn da bai cika shekara ba zuma, saboda ƙwayar botulizim, abin da ya kamata ungozomomi da kakanni su sani.

Saura zumar kanta. Wadda ake sa wa miki a asibitocin Turai an tace ta, an haska ta da hasken gama don kashe ƙwayoyi. Tamu ta kasuwa, a tsohuwar kwalbar lemo, wata an ɗebo ta da wuta, wata an tafasa saƙar, wata ta wuni a rana kan tire, kuma zafi yana lalata sinadarin nan mai sakin feroksaid. Wata ma narkakken sukari ce. A ganina aikin da ya fi cancanta ga masanan KNUST da asibitin Komfo Anokye shi ne su ɗauko zumar kasuwar Kejetia da ta Aboabo, su gwada ta a kan ƙwayoyin da ake cirowa daga mikin majiyyatansu, su ware wadda ma'aikacin jinya zai iya ɗaure ƙuna da ita.