Tarihin Tukuicin Katin Bashi: Daga Aljihun Wa Yake Fitowa?



Duk wanda aka taɓa aike awo ya san gyara. Mai hatsi zai cika maka mudu, sannan ya ƙara ɗan tafin hannu don gobe ka wuce rumfar maƙwabcinsa ka dawo tasa. A Amurka bankuna sun shafe kusan shekara 40 suna gasar irin wannan a kan katin bashi, har mutane suka mayar da kwatanta kati da sauya kati tamkar sana'a.

Katin bashi daban yake da katin ATM da yawancinmu muke riƙe da shi. Namu kuɗinka ne ake cira. Shi kuwa wancan banki ne ke biya maka, kai kuma ka biya shi a ƙarshen wata. In ka biya duka, shi ke nan. In ka bar saura, sai kuɗin ruwa ya hau kai.

Labarin ya fara a birnin Niyok a 1950, lokacin da Frank McNamara ya kafa Diners Club, katin kwali na cin abinci a biya daga baya. An daɗe ana cewa mantuwar jakar kuɗi da ya yi a wani gidan abinci ce ta kawo masa dabarar, amma daga baya Matty Simmons, mai tallata kamfanin, ya ce shirya labarin aka yi. Abin da ba shiri ba ne shi ne la'ada: kamfanin yana cire kashi 7 cikin 100 daga kuɗin mai gidan abinci. Ku riƙe wannan la'adar, za mu dawo kanta.

A 1958 Bank of America ya aika wa mutanen garin Fresno na jihar Kalifoniya kati 60,000 ta gidan waya ba tare da sun nema ba. Wannan katin ne ya zama Visa a 1976. Da katuna suka yawaita sai duk suka zama ɗaya: aiki ɗaya, kuɗin ruwa kusan ɗaya, da yawa kuma da kuɗin shekara. To me zai sa mutum ya zaro wannan ya bar wancan?

Amsar ta fito daga kamfanonin jiragen sama. A 1978 gwamnatin Amurka ta sakar musu mara wajen sa farashi, gasa ta yi zafi. A 1981 American Airlines ya fito da AAdvantage, inda fasinja ke tara maki gwargwadon nisan tafiyarsa, ya canje su da tikiti. A 1986 kantin Sears ya baza katin Discover a faɗin ƙasar: babu kuɗin shekara, kuma ana mayar maka da abin da ya kai kashi 1 cikin 100 na sayayyarka. A 1987 Citibank ya haɗa kai da American Airlines, ya zamana ko sabulu ka saya da kati ka samu makin jirgi.

Daga nan aka shiga ƙwacen abokan ciniki. A 1990 kamfanin tarho na AT&T ya fito da katinsa, ya yi wa waɗanda suka shiga a shekarar farko alkawarin ba za su taɓa biyan kuɗin shekara ba. Miliyoyin mutane suka karɓa, bankuna da dama suka soke nasu kuɗin shekarar dole. A shekarun nan ne kuma aka yayata tayin kwaso bashinka daga tsohon kati zuwa sabo, a sassauta maka kuɗin ruwa na 'yan watanni. Wato bankunan da kansu suka koya wa jama'a cewa zama a kati ɗaya asara ce.

Ɗalibai kuwa suka fi malamansu. Daga 2008 hukumar buga sulallan Amurka ta riƙa sayar da sulen dala ɗaya a kan dala ɗaya, ta kai maka har gida kyauta, don ya yaɗu a hannun jama'a. Sai wasu suka riƙa saye na dubban daloli da kati, su kinkima su zuba a banki, su biya bashin da su, makin kuma ya zama nasu ba su kashe ko kwabo ba. A 2011 hukumar ta daina karɓar katin bashi a wannan cinikin.

Gasar ta kai ƙololuwa a 2016. Bankin Chase ya fito da Sapphire Reserve, mai kuɗin shekara dala 450, da tukuicin shiga maki 100,000 ga wanda ya kashe dala 4,000 cikin wata 3. Rububin ya kai har katunan ƙarfen da aka tanada suka ƙare. Shugaban bankin, Jamie Dimon, ya ce katin zai rage musu riba da dala miliyan 200 zuwa 300 a wata ukun ƙarshe na shekarar. A farkon 2017 aka rage tukuicin zuwa rabi.

Yau bankunan suna toshe ƙofar da suka buɗe. Chase kan ƙi ba wanda ya buɗe kati 5 cikin wata 24 sabon kati. American Express ya ce tukuicin shiga sau ɗaya ne a rayuwa kan kowane kati. Shi ya sa sauyin cikin gida ya samu karɓuwa: wanda kuɗin shekara ya yi wa nauyi sai ya nemi bankinsa ya mayar da shi kan ƙaramin kati. Tsohon asusunsa na nan, tarihin biyan bashinsa bai yanke ba, sai dai galibi babu tukuicin shiga.

Yanzu mu koma kan la'ada. Banza ba ta kai zomo kasuwa. A Amurka, duk cinikin da aka yi da katin bashi mai kanti yana rasa wajen kashi 2 zuwa 3 cikin 100. Shi kuma sai ya zuba shi cikin farashi, kowa ya biya, har talakan da ya zo da tsabar kuɗi bai san wani maki ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Hujjar tana Turai: a 2015 Tarayyar Turai ta ƙayyade kason bankin mai kati a kashi 0.3 cikin 100, nan da nan bankuna da dama suka rage tukuici ko suka soke shi.

Mai biya na biyu shi ne wanda ya bar saura. A ce ka yi sayayyar dala 1,000 aka mayar maka da kashi 2, wato dala 20. In ba ka biya ba, kuma kuɗin ruwan katin kashi 24 ne a shekara, wata ɗaya tak ya cinye dala 20 ɗin. Daga wata na biyu kai ke biyan tikitin jirgin wani.

Saboda haka kwatanta kati ya ƙunshi abu uku: kuɗin shekara nawa ne, tukuicin da sayayyarka ta yau da kullum za ta kawo ya fi shi, kuma kana iya biyan duka kowane wata? Wanda ya gaza a ta ukun, ko kati goma ya sauya bai tsira ba. Mu ma nan manhajojin waya sun fara mana tayin mayar da wani kaso in mun sayi kati ko data. Kafin a karɓi gyara, a leƙa gindin mudun tukuna.